Gudun fanfalaki a St. George ranar Asabar, kwazazzabon Zion ranar Lahadi: ƙafa za ta ɗauka?

Baban Hanif (Houston):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san jihar Utah. Na yi rajistar gudun fanfalaki na St. George, wanda ake yi Asabar ta farko a watan Oktoba. Tun da zan biya kuɗin jirgi da na otal, ban ga dalilin da zai sa in je har bakin Zion, gandun shaƙatawa na ƙasa mai manyan kwazazzabai, in juyo ban shiga ba, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga garin. Ga yadda na tsara: mu sauka Las Vegas Juma'a da safe ni da Maman Hanif, mu ɗauki hayar mota zuwa St. George, Asabar in yi gudu, Lahadi da sassafe mu shiga Narrows, wurin nan da ake tafiya cikin kogi tsakanin bangayen dutse, Litinin mu kamo hanyar gida. Ita ba ta gudu, kwazazzabon ne ya ja hankalinta. Akwai wanda ya taɓa haɗa biyun?

Abban Sultan (Salt Lake City):
Wa alaikumus salam Yaya. Na taɓa yi, kuma mutane da yawa suna yi, a ranar Lahadin za ka ga Springdale, garin da ke ƙofar Zion, cike da masu sanye da rigar tseren. Ka je abinka. Ruwan kogin Virgin da ke ratsa Narrows ma sanyi gare shi a Oktoba, zai yi wa ƙafafunka daɗi bayan gudun.

Kawu (Maryland):
Baban Hanif, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kilomita 42 ba wasa ba ne. Ka gama abin da ya kai ka, ka huta, ku zaga a mota ku sha kallo. Duwatsun nan suna nan, babu inda za su.

Anti Likita (Minneapolis):
Kafin a ce je ko kar ka je, a fara duba irin hanyar. St. George ba irin gudun Houston ba ne da ƙasa take a shimfiɗe. Ana farawa ne can sama wajen ƙauyen Central, a tsayin kusan mita 1,600, a gangaro ta babbar hanya mai lamba 18 har cikin gari, a ƙare a ƙasa da inda aka fara da kusan mita 780. Wanda bai taɓa gudun gangara mai tsawo ba yana ɗauka sauƙi ne, kuma ga huhu sauƙin ne. Cinya ce ke biyan kuɗin. Duk taku ɗaya a gangara, naman gaban cinya ne ke taka wa jiki birki, yana aiki alhali yana miƙewa, kuma irin wannan aikin shi ne ya fi yayyaga ƙananan zarurrukan tsoka. Ciwon ba ya bayyana duka a ranar. Yana ƙaruwa ne bayan kwana ɗaya, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Wato Lahadi da Litinin ɗinka.

Abin da ya fi damuna ma ba zafin ba ne. Cinyar da ta gaji ba ta kama jiki da sauri idan ƙafa ta zame. A kan titi ba komai. A cikin kogi mai duwatsu, nan ake samun targaɗe.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Anti, ban musa ba, amma ai ba hawan dutse ba ne. Narrows kusan a miƙe take, kuma ba dole sai mutum ya kai ƙarshe ba. Inda ya gaji sai ya juyo.

Anti Likita (Minneapolis):
Ƙanena, shekarunka nawa, nasa nawa? Kuma kai kullum kana cikin tuddan Salt Lake kana atisaye. Shi a Houston ina zai samu gangaren da zai saba da ita, in ba gadar sama ba?

Baban Hanif (Houston):
Gaskiya ne Anti, a kan gada nake yin atisayen hawa da sauka, sai kuma benen ajiye motoci idan babu kowa da asuba. Abban Sultan, ba ni labarin hanyar tukuna. An ce akwai wani hawa a tsakiya.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Akwai, shi ne Veyo, wajen mil na 7. Kana wuce ƙauyen Veyo sai ka ga tsohon dutse mai aman wuta a gabanka, baƙi ƙirin, hanya ta bi ta gefensa ta hau. Hawan kamar mil guda ne, kuma bayansa ma ba a samun gangara sosai sai an ɗan yi nisa. Inda mutane ke lalacewa shi ne mil bakwai na farko: duhu bai gama washewa ba, ga sanyi, ga gangara, jiki yana ta cewa ƙara wuta. Duk wanda ya biye masa, a Veyo zai fara gane kurensa. Rabin farko a yi shi da haƙuri. Bayan an wuce rabi ne hanya take sakin mutum, ta kwararo ta gefen Snow Canyon, rana ta fito ta haske jan dutse da farin dutse da baƙar ƙonanniyar ƙasa a wuri ɗaya. Wallahi Yaya a nan na ga mutane suna rage gudu don kallo kawai. Amma gangaren wurin ita ce mai cin cinyar da Anti take faɗa, wannan kam ban musa ba.

Sai maganar yanayi. A wurin farawa sanyi ne na gaske, har wuta ake hurawa mutane su kewaye suna jin ɗumi. A wurin ƙarewa kuwa, a filin shaƙatawa na Worthen, rana ce ta hamada. Ka tafi da tsohuwar rigar sanyi wadda ba za ka ji ciwon rabuwa da ita ba.

Ɗan Zongo (Bronx):
Yallaɓai in tambaya, neman shiga gudun fanfalaki na Boston kake, wanda sai mutum ya cika wani lokaci a wani tseren kafin a karɓe shi? Domin da yawa daga masu zuwa St. George abin da ke kai su ke nan. In haka ne ka sani masu shirya Boston sun fito da sabuwar doka: daga tseren 2027, hanyar da gangarenta ta kai ƙafa 1,500 zuwa ƙasa da 3,000 (kimanin mita 457 zuwa 914) ana ƙara wa mutum minti 5 a kan lokacinsa. St. George ta faɗa ciki.

Baban Hanif (Houston):
A'a Ɗan Zongo, ban kai nan ba. In gama lafiya ƙasa da awa huɗu da rabi shi ne burina.

Ɗan Agadas (Denver):
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Kuna ta maganar cinya, ni maganar sama ce ta dame ni.

Ni a bakin kori na tashi. Duk wanda ya girma a Agadas ya san kori yana iya zama busasshe ƙayau, yara suna ƙwallo a cikin rairayinsa, rana tana bisa kai, sai ruwa ya iso daga duwatsun Ayar inda aka yi ruwan sama ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a gari ba. Kafin ka gan shi za ka ji shi, wani gurnani daga nesa, sai ka ga gabansa ya taho jajir da laka, yana turo itace da karmami. A farkon Satumba 2009 ruwan da ya biyo korin Telwa ya shiga gari ya rushe gidaje masu yawa, har yau mutanenmu suna tuna wannan daren.

Da na fara zuwa Zion na tsaya a bakin Narrows na ɗaga kai, abin da ya zo mini ke nan. Bambancin kawai shi ne korinmu yana da faɗi, akwai gefen da mutum zai ruga. A can akwai wuraren da bangon ya kai mita 300 a tsaye, faɗin kogin bai wuce mita 6 zuwa 9 ba, ruwa daga bango zuwa bango. Ina za ka hau? Ƙasar da ke sama kuma dutse ce, ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka a kanta cikin kwazazzabo yake tattaruwa. A ranar 14 ga Satumba 2015 mutum bakwai suka rasu a kwazazzabon Keyhole, cikin gandun Zion ɗin nan. A Agusta 2022 ruwa ya tafi da wata ɗaliba a Narrows ɗin kanta, sai bayan kwanaki aka samu gawarta. A Antelope da ke Arizona kuwa mutum 11 ne a 1997, kuma hadarin da ya kashe su a nesa ya zubar da ruwansa.

Don haka Baban Hanif, ka rubuta "Lahadi Narrows" da fensir. Ranar ba kai ke yanke ta ba.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma Malam, duk waɗannan da ka lissafa a Agusta da Satumba ne, lokacin daminar yankin. Oktoba ana samun sauƙi sosai, shi ya sa ake son watan. Kar mu tsorata bawan Allah.

Ɗan Agadas (Denver):
Ana samun sauƙi, ban ce ba a samu ba. Amma farkon Oktoba wutsiyar damina ce, kuma hadari ba ya duba kalanda. Ba tsoratarwa nake ba, abin da zai duba nake gaya masa. Hukumar gandun tana rufe Narrows idan an fitar da gargaɗin ambaliya, ko idan ƙarfin kogin ya haura 150 a ma'auninsu, wato kimanin lita 4,200 a kowace daƙiƙa. Kuma kullum ana liƙa hasashen ambaliya na ranar a ofishin baƙi da ke ƙofar shiga, mataki huɗu ne, daga "ba a sa rai" har zuwa "ana sa rai". Matsalar tana matakan tsakiya. Hanya a buɗe take, ba wanda zai hana ka, kai ne za ka yanke. A nan ne mutumin da ya biya jirgi daga Houston, kuma ya san gobe zai koma, yake lallashin kansa cewa ba komai. Ni in ba mataki na farko na gani ba, ba na shiga. In kuma kana ciki ka ga ruwa ya fara sauya launi, ko ganye da ƙirare sun fara wucewa, ko ka ji gurnani, ka nemi tudu mafi kusa nan take ko da na mita biyu ne, kar ka ce za ka riga ruwa fita.

To yanzu ka haɗa wannan da abin da Anti ta faɗa. Mutumin da ya yi kilomita 42 jiya, da wace ƙafar zai haye tudu da sauri?

Kawu (Maryland):
Ka ji magana. Allah Ya yi maka albarka Ɗan Agadas.

Ummu Fadil (Phoenix):
Me zai hana a juya tsarin? Ku sauka Alhamis, ku shiga Narrows Juma'a da ƙafa sabuwa, Asabar ya yi gudunsa, Lahadi a kwanta.

Anti Likita (Minneapolis):
Wannan ya fi muni 'yar'uwa. Awa biyar ko shida yana fama da ruwa da duwatsu, gobe kuma ya tashi kafin asuba ya yi fanfalaki? Watanni huɗu na atisaye sun tafi a banza. Jajibirin tsere ƙafa a sama ake ajiye ta. In za a yi kafin gudun, sai dai Laraba, kuma kaɗan.

Baban Hanif (Houston):
Laraba ba za ta yiwu ba, hutun da na samu a wurin aiki Juma'a ne da Litinin. Ga yara kuma da za mu bar wa ƙanwata.

Malam Liman (Columbus):
Tun da an ambaci Juma'a, bari in sa baki. Matafiyi Juma'a ba ta wajaba a kansa, amma in kana son ka same ta, a Las Vegas za ka yi, akwai masallatai a can. Sai dai ka yi lissafi: daga Las Vegas zuwa St. George kamar awa biyu ne, kuma agogon Utah yana gaban na Nevada da awa ɗaya. In ka fito masallaci ƙarfe biyu, biyar na yamma za ta yi maka a can. Ranar kuma ake karɓar lambar ƙirji, don haka ka duba lokacin da suke rufewa tun yanzu.

Asubar ranar gudun ita ce abin lura. Bas-bas ne ke kwasar masu tsere zuwa wurin farawa tun cikin dare, alfijir zai keto kana can sama, wajen shida da 'yan mintuna, ana kuma tashi wajen bakwai. Ka yi alwala tun daga otal ka riƙe ta in za ka iya, ka tafi da 'yar ledar shimfiɗawa, ka koma gefe ka yi raka'o'inka biyu. Azahar da La'asar kuwa kana da rangwamen ƙasaru da haɗawa, ranar gudu da ranar kogi duka.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Haka na yi Malam. Na matsa bayan wutar da ake jin ɗumi, ba wanda ya ce mini uffan, wani dattijo ma ya tsaya ya tsare mini jakata har na sallame. Riƙe alwalar ce mai wuya saboda yawan shan ruwa, gara ya tafi da ƙaramar gora ta daban.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Baban Hanif ya nuna mini abin da kuke tattaunawa, na ce bari in yi magana da bakina. Na gode ƙwarai Malam Ɗan Agadas, maganarka ta shige ni. Amma ku fahimce ni, watanni ke nan ina riƙe gida duk Asabar da asuba yana fita atisaye, kuma abin da na roƙa a wannan tafiyar guda ɗaya ne, in shiga wurin nan in gani da idona. In aka ce a zaga a mota kawai kamar yadda Kawu ya ce, to ni rakiya na yi. Tambayata: dole ne sai an yi nisa kafin a ga abin da ake gani a hotuna? Kuma mace mai hijabi, wace irin shiga za ta yi a cikin ruwan?

Ummu Fadil (Phoenix):
Maman Hanif sannu, kina da gaskiya, kuma ba dole ba ne. Bari in ba ki yadda wurin yake. A wannan lokacin ba a shiga cikin babban kwarin da motar gida, bas ɗin gandun ake hawa daga ofishin baƙi har tashar ƙarshe, Temple of Sinawava. Daga nan akwai hanya mai daɓe ta kilomita ɗaya da rabi a gefen kogi, har keken guragu yana bi. Inda daɓen ya ƙare, nan ake taka ruwa. Wurin da ya fi matsewa, wanda kike gani a hotuna, yana farawa ne wajen mahaɗar Orderville, kamar kilomita biyu da rabi daga inda aka shiga ruwa. A faɗe kaɗan ne, amma a cikin kogi tafiyar kusan awa biyu ce. Masu ƙarfi suna wucewa har Big Spring, iyakar inda aka yarda a kai ba tare da takardar izini ba, zuwa da dawowa kilomita 15. Ba ruwanku da wannan.

Ko rabin awa kika yi a ciki, bangon ya riga ya rufe ki, haske yana saukowa ja-ja daga sama, ruwa yana tsiyaya daga jikin dutse da ciyayi a maƙale. Duwatsun ƙasan ne fitina, kamar ki taka tukwane a kife da aka shafe da miyar kuɓewa, kuma ba kya ganinsu. A Springdale akwai shagunan da ke ba da hayar takalmin ruwa da safa mai riƙe ɗumi da sanda. Ki karɓi ukun duka, musamman sandar.

Shiga kuwa, kar ki sa zani ko doguwar abaya, ruwa zai ja ta ya naɗe miki ƙafa. Ni wando mai saurin bushewa na sa, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba auduga ba. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, kuma rana ba ta isa ƙasan wurin sosai, sanyi zai kama ki. Yawanci ruwan daga idon sawu ne zuwa gwiwa, amma akwai gurbin da yake kai wa ƙugu. Ki sa busassun kaya a leda cikin jaka.

Anti Likita (Minneapolis):
In ƙara a kan na Ummu Fadil: tun 2020 hukumar gandun take gargaɗi a kan wata gansakuka mai guba a kogin. Kar a sha ruwan ko an tace, kar a nutsa kai a ciki. Ku ɗauki ruwan shanku. Alwala ma da na gora. Baban Hanif kuma ka duba ƙafarka daren Asabar. In bororo ya fashe ko farce ya ɗaga, wanda gudun gangara ya saba jawowa, ni ban yarda ka jiƙa buɗaɗɗen ciwo na awanni a ruwan nan ba.

Ɗan Zongo (Bronx):
Hawan dutsen Angels Landing da ke cikin Zion fa? Tun da ba ruwa a can.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Nan kam ni ma da nake cewa a je, na ce a'a. Hawan mita 450 ne, ƙarshensa kana riƙe da sarƙa a kan siririn doron dutse, rami dama rami hagu. Tun Afrilu 2022 ma sai da izini, ta hanyar ƙuri'a. Kuma saukowar ce za ta kashe shi, akwai lanƙwasa 21 a jere masu tsananin gangara. Wanda ya yi St. George jiya, matakalar otal ma da baya yake sauka.

Ɗan Agadas (Denver):
Maman Hanif, ban ce kar ki shiga ba, Allah Ya sani. Ina son ki shiga ki fito ki ba mu labari. Shawarata ku riƙe tsari biyu a hannu. In sama ta yi kyau kuma allon ya nuna mataki na farko, ku hau bas na farko-farko, ku shiga da wuri, ku sa wa kanku lokacin juyowa tun kafin ku taka ruwa. In ba haka ba, akwai Canyon Overlook a gabashin ramin mota da aka fasa cikin dutse aka buɗe a 1930, zuwa da dawowa kilomita ɗaya da rabi ne, kuma daga can ana hango wani sashe mai faɗi na kwarin. Akwai kuma Snow Canyon a bakin St. George, inda ake tafiya a kan tuddan rairayin da suka daskare suka zama dutse. Wannan dutsen, da yawancin bangayen Zion, asalinsa rairayin wata babbar hamada ce ta shekaru kusan miliyan 180 da suka wuce, har yanzu ana ganin layin da iska ta zana a jikinsa. Ni da na san tuddan Tenere, na daɗe a tsaye a wurin ina tasbihi.

Kawu (Maryland):
Maman Hanif, 'yata, na ji ki, kuma na janye maganar mota. Amma ina da tambaya ga mijinki. In ranar ta zo ƙafarka ta ƙi, ita kuma sama ta yi kyau, yaya za a yi? Kar ka ce za ka daure don kunya, kar kuma ta fasa don tausayi.

Baban Hanif (Houston):
Kawu, tambayar da muka kwana muna yi ke nan. Ga inda muka tsaya. Na duba jirgi, akwai na yammacin Litinin daga Las Vegas, zan sauya zuwa shi. Lahadi da safe za mu je ofishin baƙi mu ga allo. In mataki na farko ne kuma ƙafata ba ciwo a buɗe, mu shiga tare da sanduna, awa ɗaya ciki mu juyo, ko mun kai Orderville ko ba mu kai ba. In ƙafar ce ta ƙi, zan raka ta har ƙarshen daɓen in zauna a nan. Sai dai ba na son ta shiga ita kaɗai.

Ummu Fadil (Phoenix):
Ba za ta shiga ita kaɗai ba in sha Allah. Na yi magana da Abban Fadil, daga Phoenix tafiyar yini ce a mota, za mu taso Asabar mu kwana a garin Hurricane da ke tsakanin St. George da Zion, otal ya fi araha a can kan Springdale. Maman Hanif ki turo mini lambar takalminki ta akwatin sirri in kama mana haya tun da wuri, ƙarshen makon tseren kaya suna saurin ƙarewa.

Anti Likita (Minneapolis):
Madalla. Baban Hanif, saura atisayen gangara. Sau ɗaya a mako ka riƙa saukowa gadar nan da ɗan sauri, amma ka daina kamar kwana goma kafin tseren. Ko sau biyu ko uku ka yi, cinya tana koyo, ciwon da zai biyo bayan tseren zai ragu sosai. Kuma ka yanke farce.

Abban Sultan (Salt Lake City):
Ni ma zan gangaro in tsaya muku a wajen mil na 23 da ruwa mai sanyi da dabino. Yaya ka faɗa mini launin rigar da za ka sa.

Baban Hanif (Houston):
Kore da fari. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kai mu lafiya.